Masu gyaran rektifaya a Sabon Gari: abin da na gani a aikinsu

Ni ne mai kula da ɓangaren wuta a wani ƙaramin kamfani da ke raba intanet ga ofisoshi da makarantu a Kano da kewaye, kuma tashoshi uku ne a ƙarƙashin kulawata: ɗaya a saman benen ofishinmu, biyu kuma a gindin ƙarfen sabis da muke haya, ɗaya ta wajen hanyar Zariya, ɗayar ta wajen hanyar Katsina. Tun farkon 2024 muka damƙa duba rektifayoyinmu da gyaransu ga wani shago da ke cikin Sabon Gari, ba nisa da layin masu sayar da kayan wuta, kuma abokan sana'a da dama sun tambaye ni ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Ba zan ambaci sunan shagon ba, ba kuma zan ambaci na mai shi ba, zan dai kira shi Injiniya kamar yadda yaransa suke kiransa. Haka nan ba zan faɗi kamfanin da ya ƙera namu rektifayoyin ba, domin duk lalacewar da zan ba da labarinta a nan, da aka bi diddiginta, ba a samu laifin maƙera a ciki ba.

Ga wanda bai saba da harkar ba, rektifaya ita ce na'urar da ke karɓar wutar gari ko ta janareta, wadda ke kai da komo sau 50 a cikin daƙiƙa ɗaya, ta mayar da ita wuta miƙaƙƙiya irin ta batir, wato DC. Kayan sadarwa ba sa cin wutar gari kai tsaye. DC mai ƙarfin bolt 48 suke ci, kuma rektifaya ce take ciyar da su tana kuma cajin baturan a lokaci guda, ta yadda idan aka ɗauke wuta baturan za su ci gaba da ɗaukar nauyin ba tare da ko ƙiftawa ba. Wani abu da ke rikita masu aikin sola idan suka fara shiga tashar sadarwa shi ne, a nan ɓangaren fositif ne ake haɗawa da ƙasa, ba negatif ba, shi ya sa ake cewa bolt 48 na ƙasa da sifili. Gado ne daga zamanin wayar tarho ta kan tebur, lokacin da aka lura cewa wannan tsarin yana rage cin da danshi ke yi wa wayoyin tagulla. Ba a yin rektifaya ƙatuwa guda ɗaya. Ƙananan guntaye ake jerawa a cikin kanta kamar aljihunan tebur, kowace ana iya zare ta a sa wata ba tare da an kashe tasha ba, sannan akwai wata ƙaramar kwamfuta mai kula da su duka, wadda masu aikin ke kira kwantarola.

Lissafin tasharmu ta hanyar Zariya zai nuna dalilin da ya sa mutuwar guda ɗaya take hana ni barci. Kayanmu na can suna cin kusan am 30 (am shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudu a waya). Baturan layi biyu ne, kowane layi batir huɗu masu bolt 12, jimillar cajin da suke iya ajiyewa am-awa 300, kuma ƙa'idar da muke bi ita ce kada cajin ya wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan adadin, wato am 30. Idan aka haɗa biyun, am 60 ke nan ake buƙata duk sanda wuta ta dawo bayan baturan sun yi ƙasa. Rektifaya mai wat 3000 kuwa, a kan bolt 53.5, am 56 take iya bayarwa. Saboda haka guda biyu ne ke aiki, ta ukun kuma ajiya ce domin ranar da ɗaya za ta faɗi. Ranar da na iske biyu sun mutu a ƙarshen hunturu, a farkon 2024, abin da ya rage mana guda ɗaya ce tak, tana ɗauke da kayan tana kuma ƙoƙarin cika batir, babu wata a bayanta.

A leda na ɗauki matattun biyu na kai Sabon Gari, kuma abin da nake tsammani shi ne abin da na saba gani a wurin masu gyara: a kwance, a leƙa, a ce kaza ya ƙone, a yanke kuɗi. Injiniya bai taɓa sukundireba ba sai da ya yi mini tambayoyi har na fara gundura. Wane launi fitilar gaban take nunawa kafin in zare ta, rawaya ko ja? A tsaye take ko tana ƙiftawa? A kan wutar gari abin ya faru ko a kan janareta? Biyun a layin wuta ɗaya suke ko daban-daban? Na amsa abin da na iya tunawa, sauran kuma na ce ban lura ba. Ya ce, "Malam, idan ka kawo mara lafiya asibiti ba ka san tun yaushe yake zazzaɓi ba, ai sai likita ya yi ta lalube. Nan gaba ka ɗauki hoton fitilun da wayarka kafin ka zare komai." Na ji haushin maganar a lokacin, amma tun daga ranar ban sake zare rektifaya ba tare da na ɗauki hoton ba.

Dalilin tambayar tasa yana da tushe. A kan yawancin irin waɗannan na'urori fitilu uku ne, kore da rawaya da ja, kuma kowace tana da abin da take faɗa. A kan R4850G2 ta kamfanin Huawei, alal misali, wadda take cike da kantar shagon tare da Flatpack2 ta kamfanin Eltek da wasu na Vertiv, rawaya a tsaye tana nufin na'urar ta kare kanta ne saboda zafi ko saboda wutar da ke shigowa ta yi yawa ko ta yi ƙasa, rawaya mai ƙiftawa tana nufin magana ta yanke tsakaninta da kwantarola, ja kuwa ita ce ke nuna ɓarna a cikin na'urar ko kuma ta kulle kanta saboda wutar fita ta haura iyaka. Wanda bai san wannan bambancin ba zai iya ɗaukar lafiyayyar rektifaya ya kai gyara, ya bar ainihin cutar a tasha tana jiran wadda zai kawo a madadinta.

Teburin gwajinsu ne ya fara sa na ɗauke su da muhimmanci. Suna da taransifoma mai murɗawa wadda ke ba su damar ɗaga wutar shiga ko sauke ta sannu a hankali, suna da tsohuwar kwamfutar cinya da ke magana da rektifaya ta wani layin musayar bayanai da ake kira CAN, sannan suna da wani akwatin ƙarfe da suka ƙera da kansu, cike da naɗaɗɗun wayoyi irin na rishon lantarki da fanka a baya, wanda suke ɗora wa na'ura a matsayin kaya har am 50. Ba kyan gani gare shi ba, amma shi ne ya raba su da sauran masu gyaran da na sani, domin rektifaya tana iya nuna bolt 53.5 cif a kan mita alhali babu kaya a kanta, da zarar an ɗora mata nauyi kuma ta durƙusa. A wannan shagon ba sa cewa an gama gyara sai na'ura ta yi aƙalla awa ɗaya tana ɗauke da kaya, ana taɓa jikinta ana duba zafinta.

Ta farko a cikin nawa biyun ashe ba ta mutu ba. Ƙurar hunturu ce ta toshe mata hanyar iska, fankarta ta cije, zafi ya taru, ta kashe kanta kamar yadda aka tsara ta. Suka hure ta da bulowa, kuma na lura yaron ya danne fankar da ɗan tsinke kafin ya hura, domin iska mai ƙarfi tana juya fanka fiye da ƙima ta lalata mata gindi. Suka sa sabuwar fanka, ta tashi. Ta biyun kuwa da gaske ta ƙone: fiyus ya yanke, ɗan faifan nan mai shanye wutar da ta yi tsalle, wanda ake kira baristo, ya fashe ya yi baƙi ƙirin, kuma taransisto biyu na sashen farko sun tafi. Kafin ya sa hannu a ciki sai da ya sauke cajin manyan kafasitocin, wato sassan da ke tara wuta, da resisto mai rage gudun wuta, ya auna ya tabbatar, domin sashen farko na irin wannan na'urar yana ɗaga wuta zuwa kusan bolt 400 ne kafin sashe na biyu ya sauke ta zuwa 48, kuma kafasitocin suna riƙe wannan cajin bayan an zare na'urar daga wuta. Na taɓa ganin mai gyara yana sauke irin wannan cajin da bakin sukundireba, tartsatsi na tashi, yana dariya. A nan ban ga haka ba.

Da ya gama sai ya ce ba zai ba ni ta biyun in mayar ba sai ya je ya ga tashar da idonsa, domin baristo ba ya fashewa haka kawai a watan da babu hadari babu tsawa. Na ɗauka dabarar ƙarin kuɗi ce, kuma na faɗa masa hakan cikin raha. Ya ce in ya je bai samu komai ba, kada in biya shi ko kuɗin mai.

Wannan ziyarar ita ce abin da ya fi komai daraja a cikin duk abin da na biya shagon. Bai fara da rektifaya ba. Kwantarola ya fara buɗewa ya karanta tarihin ƙararrawar da ta ajiye, ya ga cewa ƙorafin wuta ta yi yawa yana maimaituwa a kan layi ɗaya, kuma kusan kullum a lokacin da aka koma kan janareta. Sai ya sa aka tayar da janaretan, ya auna tsakanin kowane layi cikin layukan wuta uku na tashar da nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Maimakon kowanne ya tsaya kusa da bolt 230, sai ga ɗaya ya faɗi ƙasa sosai, ɗaya kuma ya haura sama da abin da na'urar za ta iya jurewa, kuma adadin yana rawa duk sanda kaya suka sauya. Ya bi waya har cikin akwatin da ke sauya layi tsakanin wutar gari da janareta, inda ya iske ƙusar da ke riƙe da wayar nutural ta kwance, kan wayar ya yi baƙi saboda zafi. Bayanin da ya yi mini a tsaye a wurin ya fi wanda na taɓa karantawa sauƙi: rektifayoyin nan kowace tsakanin layi ɗaya da nutural take, kuma nutural ne ke riƙe da daidaiton ukun, idan ya saki, layin da kayansa suka fi sauƙi sai wutarsa ta tashi tana neman bolt 400 da ke tsakanin layi da layi. Da na mayar da gyararriyar na'urar a wannan ramin, da ba za ta yi mako biyu ba. Ƙusa ɗaya ce, wadda girgizar janareta ta kwance a hankali, ta ci mana rektifaya, kuma ni da nake zuwa tashar duk mako ban taɓa buɗe wannan akwatin ba.

Tunda ya riga ya zo, sai ya ci gaba da dubawa, kuma a nan ne na ga wata dabara mai sauƙi da nake amfani da ita har yau. Idan rektifaya ta nuna matsala, kafin a yanke mata hukunci sai a zare ta a sa ta a wani ramin, a ɗauko lafiyayya a sa a nata. Idan matsalar ta bi na'urar, ita ce mara lafiya. Idan ta tsaya a ramin, to a nemi cutar a bireka, ko a waya, ko a haƙoran bayan kanta. Da wannan gwajin ne daga baya ya gano cewa rawayar fitila mai ƙiftawa da ta daɗe tana damunmu a tashar hanyar Katsina ba daga na'urar take ba, ƙura ce da tsatsa a haƙoran da ke ɗauke da layin magana. Ya kashe layin ya auna tsakanin wayoyinsa biyu, yana neman om 60 (om shi ne ma'aunin yadda abu ke tare gudun wuta), domin layin CAN yana da resisto mai om 120 a kowane ƙarshe, kuma biyun idan suna nan lafiya rabin wannan adadin mita za ta nuna. Ya goge haƙoran da maganin goge kayan lantarki, fitilar ta mutu. A cikin wannan akwatin kuma muka samu gidan zanzaro manne da bayan kanta da busasshiyar tsaka kusa da sandar tagulla, abin da ya sa ya ce mu toshe duk ramin da waya ta shiga ta cikinsa.

Inda na fi ƙaruwa da shi, kuma inda nake ganin yawancinmu muke asarar kuɗi ba mu sani ba, shi ne saitin caji. Batir irin na dalma da aka rufe, layi ɗaya mai bolt 48 yana ɗauke da ƙananan ɗakunan ajiyar wuta 24 a cikin baturansa, kuma cajin riƙo, wato wanda ake ci gaba da bayarwa bayan batir ya cika, da ake ba kowane ɗaki yana kusa da bolt 2.25, wato bolt 54 a jimilla. Amma wannan adadin na zafin digiri 25 ne. Duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, ana so a rage kusan milibolt 3 a kowane ɗaki (milibolt dubu ne bolt ɗaya), wato milibolt 72 a layin gaba ɗaya. A Kano, a watan Afrilu, zafin waje kansa yana wuce digiri 40, balle cikin akwatin ƙarfe da ke tsaye a rana. Idan batir yana kan digiri 40, bambancin digiri 15 ne, kuma ya kamata cajin ya sauka da bolt ɗaya da ɗan kai, ya koma kusan 52.9. Kwantarola tana yin wannan lissafin da kanta, amma sai in tana jin zafin batir ɗin ta wata 'yar waya mai auna zafi da ake mannawa a jikinsa. Tamu a tashar hanyar Zariya ta saɓule tana lilo a bakin ƙofa, kuma da ya shiga saitin sai ya iske an ma kashe wannan aikin gaba ɗaya, wataƙila tun ranar da aka kafa tashar. Shekara da shekaru muna dafa baturanmu da cajin da ya wuce ƙima a lokacin bazara, muna ganin suna kumbura, muna zargin masu sayarwa da kawo jabu. Zafi kaɗai yana raba ran irin wannan batir gida biyu a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25. Idan aka haɗa masa da caji mai yawa, ba abin mamaki ba ne wanda aka ce zai yi shekara biyar ya kasa cika biyu.

Sun kuma auna wayar ƙasa, wadda masu aikin wuta ke kira atin, da mita mai turaku uku, suka ce a rani ake son a auna domin a lokacin ne ƙasa ta bushe kuma adadin ya fi muni. Namu ya wuce om 5 da ake so a tashar sadarwa. Na kawo maganar gishiri da gawayi da aka saba zubawa a ramin, Injiniya ya ce gishirin yana sauke adadin da wuri amma yana cinye sandar a hankali, ya fi son a ƙara sanduna a haɗa su. Kafin damina kuma suka duba na'urar kare tsawa, wadda ke da 'yar taga da ke juyawa daga kore zuwa ja idan ta gama aikinta, suka canza guda ɗaya da ta riga ta juya ba wanda ya lura.

An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma miyar ta ƙare a watan Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda babu wutar gari, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da aka samu a layin Ugwuaji zuwa Apir. Tashoshinmu suka koma kan janareta da batir kaɗai, muna kashe janareta na wasu awoyi domin tsimin man dizal. Sai wata matsala ta ɓullo: duk sanda aka tayar da janaretan bayan baturan sun yi ƙasa, rektifayoyin sai su faɗa masa da dukan ƙarfinsu lokaci guda, ya yi gurnani, wutarsa ta faɗi, su kuma su saki, ya farfaɗo, su sake kamawa. Irin waɗannan na'urori suna bayar da cikakken ƙarfinsu ne idan wutar shiga ta kai bolt 176 ko sama, ƙasa da haka sai su rage abin da suke fitarwa, saboda haka baturan ba sa cika, man kuma yana ƙonewa a banza. Maganin da ya ba ni ta waya ya yi aiki: a kunna saitin da ke sa rektifayoyin su ɗauki kaya sannu a hankali, sannan a rage iyakar cajin batir muddin ana kan janareta. Amma sai da na yi kwana biyu ina kira kafin ya ɗauka, yaran da ya ce zai turo kuma ba su zo ba sai a rana ta huɗu. Na san kowa yana nemansa a wannan makon, kuma na san manyan abokan cinikinsa sun fi mu nauyi a aljihu, amma mun yi yarjejeniya, kuma ba a ce ta daina aiki ranar da aka fi buƙatarta ba.

Wannan ya kawo ni ga abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Babban rauninsu shi ne rubutu. Duk abin da Injiniya ya auna, a kansa yake ajiye shi, ko a bayan wata takarda da ba za a sake ganinta ba. Aikin kula da tsarin wuta kuwa rabinsa kwatanta yau da jiya ne: idan rektifayoyi uku suna raba kaya daidai a watan jiya, yau kuma ɗaya ta fara ja baya, wannan alama ce tun kafin fitila ta kunna, amma ba za a gane ba sai an rubuta. Da kaina na sayi littafi na ajiye a kowace tasha, na ce duk wanda ya zo ya rubuta wutar shiga ta kowane layi, da am ɗin kowace rektifaya, da bolt ɗin da ke kan batir, da zafinsa. Idan Injiniya ne ya zo yana cikewa. Idan yaransa ne, sai na tsaya a kansu.

Yaran kuma ba su kai shi kiyayewa ba. Na ga ɗayansu yana ɗaure ƙusar batir da sifana tsirara, ba a naɗe ta da komai ba, da zoben azurfa a yatsansa. Mutane suna raina bolt 48 domin ba ya fizgar mutum kamar wutar gari, amma layin batir irin namu idan ƙarfe ya haɗa bakinsa biyu yana iya sakin dubban am a cikin ƙiftawar ido, abin da zai narkar da zoben a kan yatsa. Na yi masa magana, ya ce, "Yallaɓai, mun saba." Na kai ƙara wurin maigidansa, ya yi masa faɗa a gabana, kuma a zuwa na gaba sun zo da sifanu masu rufi. Sai dai bai kamata a ce abokin ciniki ne zai koya wa shago wannan ba.

Batun kayan gyara ma yana buƙatar a buɗe ido. Wasu sassan, musamman manyan kafasitoci, daga jikin matattun na'urori suke ciro su, kuma kafasita irin wannan tana tsufa da zafi ko da ba ta nuna alama a ido ba. Ɗaya daga cikin waɗanda suka gyara mana ta sake faɗuwa bayan mako shida saboda wannan dalilin. Sun karɓa sun sake gyarawa ba su nemi ko sisi ba, domin suna ba da lamunin wata uku, amma lamunin na baka ne, kuma sai da na'urar ta yi mako biyu a shagon. Tun daga nan nake cewa a sa mini sabuwa in biya bambancin, a kuma dawo mini da wadda aka cire in gani. Ba su taɓa yin gardama a kan haka ba. Abin da na yaba kuma shi ne sun san iyakarsu: idan ɓarnar ta kai ga allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar na'urar, kai tsaye suke cewa ba ta gyaruwa a wurinsu, a nemi wata, ba sa riƙe kayan mutum wata da watanni suna cewa gobe.

Kuɗinsu ya fi na sauran masu gyaran da ke layin, wani lokaci har ninki biyu, kuma ba sa ragi sosai. Amma gyaran da ya fi tsada da suka taɓa yi mana bai kai rabin kuɗin ta hannu a kasuwa ba, ta hannun kuma ba ka san wace tasha ta fito ba, ba ka san zafin da ta sha ba. Ga wanda ya ga dole sai ya sayi ta hannu, suna karɓar ɗan kuɗi kaɗan su ɗora ta a kan akwatin gwajinsu kafin a biya mai sayarwa, kuma sau biyu wannan ya hana ni sayen na'urar da ke nuna kore amma ba ta iya ɗaukar ko rabin kayanta.

Da muka sauya baturan tashar ofis zuwa na litiyam, su ne suka sake saita kwantarola. Sun san cewa dole a kashe rage caji saboda zafi da kuma cajin daidaito da ake yi wa batir na dalma lokaci-lokaci, kuma sun tsaya sun tabbatar ko baturan masu ɗaki 15 ne ko 16 kafin su sa adadin caji, domin biyun duk ana sayar da su da sunan bolt 48 alhali cajinsu ba ɗaya ba ne. Inda suka yi jinkiri shi ne haɗa maganar batir ɗin da kwantarola ta wani layin musayar bayanai da ake kira RS485. Sai da suka yi zuwa uku kafin adadin cajin ya fara bayyana a allo, kuma a bayyane yake cewa suna koyo ne a kan kayanmu.

Wanda yake da tasha ɗaya ko biyar, ko gidan rediyo, ko ɗakin kwamfutoci da ke kan DC, kuma ba shi da ƙarfin ɗaukar injiniyan wuta na dindindin, zai amfana da wannan shagon, da sharaɗin ya biya kuɗin zuwa tasha maimakon ya riƙa kai musu matattun na'urori a leda kamar yadda na fara. Wanda yake buƙatar a amsa masa waya ƙarfe biyun dare a zo kafin asuba, ya nemi babban kamfani ya biya kuɗinsa. Mu dai mun sabunta yarjejeniyarmu da su, amma a wannan karon a rubuce: ziyara uku a shekara, ɗaya a ƙarshen hunturu domin ƙura, ɗaya kafin faɗuwar damina domin atin da na'urar kare tsawa, ɗaya bayan ɗaukewarta, a cike littafin tasha a kowane zuwa, lamunin wata uku a kan takarda, sannan a ajiye mana rektifaya ɗaya gwadaɗɗiya a shagon da sunan kamfaninmu a jikinta, wadda zan iya aika ɗan acaɓa ko mai adaidaita ya ɗauko ko da Injiniya bai ɗauki waya ba.